Yadda ake gina kurkuku da kai farmaki a wasannin burauza na kyauta

A wannan nau'in wasa aiki biyu ne a wuyanka. Na farko, za a ba ka fili a ƙarƙashin ƙasa ka haƙa hanyoyi da ɗakuna, ka ɗana tarkuna, ka zuba dodanni, ka ajiye dukiyarka a ɗakin ƙurya. Na biyu, ka ɗauki jaruminka ka faɗa kurkukun wani ɗan wasa ka kwaso ganima. Kai ma da zarar ka sauka daga intanet wani zai faɗo naka, kuma ba kai za ka tare shi da hannunka ba. Ginin da ka bari ne zai yi faɗan a madadinka.

Wasan da ya fito da wannan salo fili shi ne Dungeon Keeper, wanda kamfanin Bullfrog na Ingila ya fitar a 1997, inda ɗan wasa ya tashi daga jarumi mai kutsawa ya koma mai kurkukun. Daga baya The Mighty Quest for Epic Loot na Ubisoft da King of Thieves na ZeptoLab, duka a 2015, suka haɗa gini da kai wa mutane na gaske hari. Waɗannan sai an sauke su a kwamfuta ko waya. Na burauza kuwa shafi kawai za ka buɗe. Sunayensu na zuwa suna wucewa, amma dokokinsu kusan ɗaya ne.

Shirya na'urarka tukuna

Yi amfani da Chrome, Firefox ko Edge. Opera Mini da ake so saboda tsimin data ba ta dace ba, domin a yanayin tsiminta mai tsanani sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ke kan intanet, ce ke buɗe shafin ta matse shi ta aiko maka, wasan da ke motsi kowace daƙiƙa kuwa ba zai tashi a haka ba. Don gwada burauzarka, shiga get.webgl.org. Idan ka ga akwati yana juyawa, komai lafiya. Idan ba ka gani ba, shiga Settings na Chrome a kwamfuta, sashen System, ka kunna maɓallin da ke ɗauke da kalmar acceleration, ka rufe burauzar ka sake buɗe ta.

Kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, manhajar da tsofaffin wasannin burauza ke tashi da ita, ranar 31 ga Disamba 2020. Saboda haka duk shafin da ya ce sai ka sauke Flash kafin wasa ya tashi, rufe shi. Manhajar ɓarna yake so ya ɗora maka.

Batun data: lodin farko shi ne mai ci, saboda a nan ake sauko da hotuna da sauti. Bayan nan burauza na ajiye su, wasan kansa ba ya cin data sosai in ba tallan bidiyo ka yi ta kallo ba. Don haka yi lodin farko da tsarin data na dare ko a Wi-Fi. Kada ka buga a shafin sirri, wato Incognito, domin yana zubar da komai da zarar ka rufe, gobe ka sake biyan kuɗin lodi. Manhajojin share waya masu alƙawarin ƙara sauri su ma haka suke yi. Idan laftof ɗinka na shan data daga waya, shiga saitin Wi-Fi na Windows ka kunna Metered connection, in ba haka ba sabunta Windows zai lashe datarka kana tsakiyar hari. Haɗa wayar da igiyar USB ya fi hotsfot kwanciyar hankali, ga shi tana caji a lokaci guda.

Wuraren nema sun haɗa da itch.io, Kongregate, Armor Games, CrazyGames da Poki. Rubuta dungeon a gurbin bincike. Kafin ka zuba lokacinka a kan wasa, duba abu uku: mutane na gaske ake kai wa hari ko kwamfuta ce kawai, yaushe aka sabunta shi na ƙarshe, me ake sayarwa a kantinsa. Wasan da ya shekara ba a taɓa shi ba, dandalin hirarsa kuma shiru, ya kusa rufewa.

Sannan ka buɗe asusu tun ranar farko. Wanda ya shiga a matsayin baƙo, a cikin burauzar ake ajiye ci gabansa, ranar da ya share tarihin burauza ko wayar ta lalace, kurkuku ya tafi. Yi rajista da imel, da kalmar sirrin da ba ita ce ta Facebook ko ta bankinka ba. Idan a shagon intanet kake bugawa, ko a kwamfutar abokin ɗaki a makaranta, kada ka bari burauza ta riƙe kalmar sirrin, kuma ka fita daga asusun kafin ka tashi.

Kwanakin farko

Yawancin waɗannan wasanni na ba sabon shiga garkuwa ta ɗan lokaci, wadda ba mai iya kai masa hari. Duba ko awa nawa ce, kuma duba ko kai hari na karya ta. A wasanni da yawa yana karyawa ko yana rage ta. Yi amfani da lokacin wajen kammala darussan farko, ka ɗaga ma'adinan da ke kawo zinariya, sannan rumbun ajiya. Abin da bai kamata ka yi gaggawarsa ba shi ne ɗaga zuciyar kurkukun, wato babban ɗakin da matakinka ke rataye a kansa. Wasa na haɗa ka da abokan karawa ne bisa matakin nan ko makin da ka tara. Wanda ya ɗaga zuciya zuwa mataki na 5 alhali tarkunansa na mataki na 2, ya gayyato manya su zo su yi masa tas.

Tsara hanya: a nan wasan yake

Sabon ɗan wasa yana tambaya ne wane tarko ya fi ƙarfi. Tambayar da ta fi ita ce: daƙiƙa nawa maharin zai yi a ƙarƙashin tarkon? Bari mu yi lissafi da lambobin misali, kai kuma ka sa na wasanka.

A ce tarkon kibiya na cire jini 40 a daƙiƙa, wato makin lafiyar jarumi, yana kaiwa murabba'i 4 cikin gidajen da aka yanka filin wasan, jarumi kuma na cin murabba'i 2 a daƙiƙa. A miƙaƙƙiyar hanya zai wuce cikin daƙiƙa 2, ya rasa jini 80. Idan jininsa 500 ne, ko a jikinsa. Ka kashe dukiya ka ɗaga tarkon ya koma 46 a daƙiƙa, abin da ka samu 92 ne kacal. Amma ka shimfiɗa tarkon rage gudu, na ƙanƙara ko na danƙo, mai raba saurinsa biyu, zai yi daƙiƙa 4, ya rasa 160. Ka kuma lanƙwasa hanyar ta tafi ta dawo ta gefen tarkon, yadda kibiyar za ta same shi a tafiya ta same shi a dawowa, murabba'i 8 ke nan cikin daƙiƙa 8, jini 320. Tarko ɗaya ne, ba a ɗaga shi ko mataki ɗaya ba, aikinsa ya ninka huɗu.

Daga wannan lissafi sauran matakan ke fitowa.

Fara da zana hanyar kafin ka ɗana komai. Kusan duk wasannin na tilasta ka bar hanya buɗe daga ƙofa zuwa taska, ba a yarda ka toshe ba. To, ka tsawaita ta iya tsawon da fili ya ba ka, kuma ka tabbata guda ɗaya ce. Jaruman da kwamfuta ke tuƙawa gajeriyar hanya suke bi, ɗan Adam ma haka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya haƙa sabon ɗaki don ma'adini, bai lura ba ya buɗe wata 'yar ƙofa da ta gajarce tafiyar, tarkuna goma su zauna a hanyar da ba mai bi. Duk lokacin da ka fasa bango, bi hanyar da ido daga farko zuwa ƙarshe. Idan wasan na yarda a ratsa ta kusurwa, duba kusurwoyin ma.

Kada ƙofar shiga ɗaki ta kalli ƙofar fita. Yi kamar yadda maginan gargajiya ke jera zaure da shigifa, baƙo na tsaye a waje ba ya hango tsakar gida. Dalilin a nan shi ne maharba da masu sihiri: a doguwar hanya miƙaƙƙiya za su tsaya daga nesa su kashe dodanninka ɗaya bayan ɗaya ba tare da an taɓa su ba. Kwana na tilasta musu matsowa kusa kafin su ga abin da ke jiransu.

Sai rabon ƙarfi. Wasa kan ba ka iyakar makin tsaro da za ka iya zubawa. A ce 100 ne. Sa kamar 20 a farkon hanya, 50 a ɗaki ɗaya a tsakiya, 30 a bakin taska. Na farkon ba don su kashe kowa ba ne, don su sa mahari ya fara shan maganin jini ya kuma saki babbar dabararsa da wuri. Dabarun nan na da lokacin jira kafin su sake cika. Idan ya iso ɗakin tsakiya dabararsa ba ta dawo ba, a nan zai faɗi. Wanda ya barbaza tsaronsa daidai wa daida a ko'ina, ya ba mahari damar hutawa tsakanin faɗa da faɗa. Wanda kuma ya tara komai a bakin ƙofa, ya haɗu da jarumi yana da cikakken jini da cikakkun dabaru.

A ɗakin tsakiya, haɗa tarkuna masu taimakon juna. Mai rage gudu a ƙarƙashin mai harbi. Mai turawa a gaban rami ko ƙusoshi, yadda zai cilla mutum ciki. Kada ka jera tarko iri ɗaya guda uku a wuri ɗaya, don dukansu za su tashi lokaci guda, su kuma yi shiru lokaci guda, gwani ya jira shirun ya wuce. Haɗa mai tashi duk daƙiƙa 2 da mai tashi duk daƙiƙa 3, tazarar da za a bi ta ragu.

Dodanni: mai kaurin jini a gaba ya tare hanya, maharba a bayansa, mai warkarwa a bayan kwana ko ginshiƙi inda ba za a gan shi daga ƙofa ba. Bar murabba'i biyu ko uku tsakaninsu. Idan suka cunkushe, bugu ɗaya mai faɗin wuri zai share su baki ɗaya. Aikin babban dodo ba kisa ba ne, riƙe mahari ne a inda kibiya ke sauka.

Gwaji da gyara

Wasu wasannin, irin su King of Thieves, ba sa karɓar sabon tsari sai kai mai shi ka ratsa shi da kanka. Ko wasanka bai tilasta ba, yi gwajin. In kana da jarumai iri-iri, gwada da mai takobi, ka sake da maharbi, don kurkukun da ya gagari ɗaya kan zama titi ga ɗayan.

Bayan an kai maka hari, kalli maimaicinsa, har na wanda ya ci ka, musamman ma shi. Lura da inda ya fi zubar da jini, inda ya wuce ko ƙwarzane babu, da inda ya saki babbar dabara. Tarkon da hari biyar suka wuce bai taɓa kowa ba, cire shi ka mai da makinsa ɗakin tsakiya. Amma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya rushe komai bayan kaye ɗaya ba zai taɓa sanin me ya yi aiki ba.

Dukiya da agogo

Mahari na kwasar wani kaso ne na abin da ke rumbunka, a wasanni da yawa kuma kason da yake ɗauka daga ma'adinan da ba ka kwashe ba ya fi haka. Maganin ba wuya: kwashe ma'adinai, kashe dukiyar a gini, sannan ka sauka. Rumbun da ba komai ba ya jan ɓarawo.

Agogon Najeriya na gaban UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya duk shekara, ba ma canza shi. Wasan da ke sabunta ayyukan yini da ƙarfe 12 na dare a agogon UTC, a Kaduna ƙarfe 1 na dare ne. Ƙarfe 8 na dare a gabashin Amurka, lokacin da 'yan wasansu suka dawo gida, a nan 1 ne ko 2 na dare gwargwadon kakarsu. Wato kana barci ake yi maka ɓarna. Jamus da Faransa kuwa agogonmu ɗaya da su a lokacin sanyinsu, a bazararsu su wuce mu da awa ɗaya, don haka nasu harin tsakanin magariba da bayan isha'i yake zuwa. Saboda haka dogon gini, mai awa 8, a fara shi wajen ƙarfe 10 na dare: ya shanye dukiyar da za a sace, ya kuma kammala bayan asuba. Gajerun ayyuka na minti 15 ko 30 a bar su da rana, lokacin da kake leƙawa.

Idan wasan na ƙirga lokaci ne a cikin burauza ba a sabar kamfanin wasan ba, ka sani Chrome na rage wa shafin da ba a kallo aiki, tsarin Memory Saver ma yana iya kwantar da shi gaba ɗaya. A Settings na Chrome, sashen Performance, akwai jerin shafukan da ba a kwantarwa, sa adireshin wasan a ciki.

Kai farmaki

Zaɓen wanda za a kai wa ya fi iya faɗa muhimmanci. Kafin ka shiga, ana nuna maka ganimar da ke akwai, a wasu wasannin har da taswirar kurkukun. Yi lissafi: idan magunguna da kuɗin shiga za su ci maka zinariya 300, ganimar kuma 1,000 ce amma sai ka isa taska, kuma kana ganin sau ɗaya cikin uku za ka isa, to hari uku za su ci 900 ka samo 1,000, wahalar banza ce. Tsallake. Ɗan kuɗin da ake biya a nemo wani bai kai asarar kaye ba. Mafi daɗin samu shi ne kurkukun wanda ya daina wasa, ma'adinai cike, tarkuna na ƙananan matakai.

Da ka shiga, kada ka ruga. Tsaya a bakin kowane ɗaki ka ƙirga bugun tarkuna sau biyu kafin ka taka. Leƙa kaɗan dodanni su gan ka, ka ja da baya su biyo ka cikin siririyar hanya, inda ɗaya ne kawai zai iya fuskantarka, kuma sun bar tarkunan da aka ɗana don su. Idan dole ka shiga, fara da mai warkarwa, sai maharba, babban dodon ya zo ƙarshe. Dabarar tserewa, ta tsalle ko ta ɓacewa, ba a kashe ta a kan ƙananan dodanni. Sa ido a kan agogon harin, domin ƙarin lada kan dogara da saurin gamawa. Idan wasan na barin mutum ya fita da abin da ya tara, jininka ya yi ƙasa, magani ya ƙare, fita.

Matsaloli biyu na kibod da burauza ke jawowa: idan kana tafiya da W, A, S, D, hannunka ya haɗa Ctrl da W, shafin zai rufe nan take. Ctrl da Shift da T na dawo da shi, amma harin ya riga ya tafi, don haka canza duk dabarar da ke kan Ctrl zuwa wani maɓalli. Danna Shift sau biyar a jere kuma na fito da akwatin Sticky Keys na Windows a tsakiyar faɗa. Kashe shi a saiti tun kafin ka fara.

Yankewar sabis a tsakiyar hari, yawancin wasanni kaye suke rubuta ta, don kada masu shan kashi su riƙa cire intanet da gangan. To kada ka fara hari a kwamfutar tebur ba tare da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ba, ko MiFi na jone da wutar gida alhali batirinsa ya mutu. Jona shi da fawa bank. Idan wayar da ke ba ka data ita ce ake kiranka da ita, kira na iya sauko da layin daga 4G ya tsinke wasan. In ka ga jarumi na amsa umarni a makare, ko yana komawa baya da kansa, bar farmaki ka koma gini, shi gini ba ruwansa da saurin sabis. A zafin Maris da Afrilu na'ura kan rage gudunta da kanta idan ta ɗau zafi: cire wa waya riga, kada ka ɗora laftof a kan katifa, ka kuma sa a busa masa fanka bayan ƙurar hunturu. Hari ba ya tsayawa a jira ka, saboda haka in an kusa tayar da salla kada ka danna shiga.

Lu'ulu'u da kuɗin gaske

Kyautar wasannin nan a kan jira aka gina ta. Ana tsawaita lokacin gini har ka gaji ka sayi lu'ulu'u, wato kuɗin cikin wasa da ake saya da kuɗin gaske, ka gajarce shi. Dungeon Keeper na waya da kamfanin EA ya fitar a 2014 ya kai abin har haƙa murabba'i ɗaya na iya cin awa 24, kuma a shekarar hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta yanke cewa tallan da ya kira shi kyauta yaudara ne.

Lu'ulu'un da kake samu kyauta daga ayyukan yini da nasarori, tara shi ka sayi abin da ke dawwama, ƙarin magini a gaba da komai. Magini na biyu na ninka saurin gininka har ƙarshen wasa, gajarce awa uku kuwa sau ɗaya ne ya wuce. Akwatin sa'a da ake saya da kuɗi ba tare da sanin abin da ke ciki ba, hukumar caca ta Beljiyam ta sa irinsa a sahun caca tun 2018, mu ma ba mu ga wani suna da ya fi dacewa da shi ba. Farashin kuma da dala ne, lissafa shi da naira kafin ka danna. Kada a bar katin banki a ajiye cikin burauzar da yara ke wasa da ita.

Shafukan da ke cewa za su zuba maka lu'ulu'u kyauta in ka ba su sunan asusu da kalmar sirri, ƙarya ne. Dukiyarka a sabar wasan take rubuce, ba wani shafin waje da ke iya ƙara ta. Asusun suke so, da imel ɗin da ke jikinsa.

Abin da ka saya ma ba mallakarka ba ne, yana nan ne muddin sabar na aiki. Ubisoft ta rufe The Mighty Quest for Epic Loot na kwamfuta a 2016, gine-ginen 'yan wasa suka tafi tare da shi. A wasannin da ba su da saba, masu ajiya a burauza, nemi maɓallin Export a saiti, kwafe dogon rubutun da zai ba ka, ka aika wa kanka ta imel duk ƙarshen mako. Da shi za ka dawo da kurkukunka a wata na'ura ta maɓallin Import.